Gangaren Aji Uku

Ranar da ma'aikata suka zo zuba gangaren siminti a wata makarantar firamare da ke Ƙofar Durbi a Katsina, tambaya ɗaya tak suka yi. Shugabansu ya leƙa ofishin hedimasta ya ce, “Yarinyar nan mai keke, wane aji take?” Aka ce masa aji uku. Shi ke nan, suka sauke yashi da siminti a ƙofar aji uku, suka kwaɓa, suka zuba, suka shafe shi sumul, har da ƙarfen dafawa a gefe. Manya ne masu takardu suka tsara aikin, wasu manyan suka sa hannu, amma a cikinsu duka ba a samu mutum ɗaya da ya tuna cewa yaro ba ya dawwama a aji ɗaya ba.

Yarinyar mai keke ita ce Fadila, 'yar Hauwa'u mai ɗinkin hula. Shan inna ya kama ta tun tana tatata, ya shanye mata ƙafafu, amma bai ko kusanci harshenta ba. Duk unguwar an san ta da baki. Shekararta goma sha ɗaya tana aji uku, ba don daƙiƙanci ba, sai don ba ta shiga makaranta da wuri ba. Sai da gwamnati ta kawo shirin haɗa yara masu buƙata ta musamman da sauran yara a aji guda, aka ba ta keke mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu, sannan ta soma karatu.

Kafin keken, da rarrafe take zuwa ko'ina, silifas a tafin hannuwa. Wata rana uwarta ta aike ta sayen daddawa a bakin layi, sai wani mai babur ya rage gudu ya jefo mata sadaka, bai ma dubi fuskarta ba. Ta bar abin nan a ƙasa inda ya faɗi, ta juyo gida ba daddawar, ta shige ɗaki ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba. Daga ranar ba ta ƙara leƙa waje ba. Da keke ya zo, ta rantse wa uwarta cewa babu wanda zai sake ganinta a ƙasa in ba a cikin gidansu ba, kuma ta riƙe rantsuwar nan gam.

An yi bikin buɗe gangaren. Aka ɗaura ƙyalle, aka yanka da almakashi, Fadila ta murza keke ta hau ana tafi. Masu hoto suka ce ta sauko ta sake hawa, ta sake. Suka ce ta yi murmushi, ta ce haƙoranta ba na aro ba ne, amma dai ta yi. Yara suka raɗa wa wurin suna titin Fadila, in an fita hutun tara suna sulu a kansa har wandunansu su huje. Shekarar nan ta yi mata daɗi, babu ƙarya. Benci ɗaya suke da ƙawarta Ramla, tare suke cin ƙosai, tare suke shan bulala in sun yi surutu, kuma Fadila ta fi son bulalar nan da a ce an ƙyale ta don tausayi. Ƙarshen shekara ta ci jarabawa cikin na gaba-gaba.

Ranar da aka dawo hutu, an kwana ana ruwa. Bayan an tashi daga layi, 'yan ajinsu suka ɗunguma zuwa aji huɗu, ita ma ta bi su tana murza keke cikin caɓi, tana ba Ramla labarin hutu. Aji huɗu yana tsohon gini ne, can ƙarshen fili inda ruwan damina yake kwanciya, shi ya sa magina na da suka ɗaga shi sama sosai. Matakala ce doguwa a ƙofarsa, bakinta duk ya guntule. Yara suka haye da gudu ana rige-rigen benci. Tayar gaban keken Fadila ta daki matakalar farko ta tsaya.

Tana nan tsaye sai ga hedimasta, Malam Sa'idu. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Dattijo ne da ya kusa ritaya, mai tsoron ofishin ilimi kamar wuta, wanda ya ƙware ƙwarai wajen ba mutane haƙuri.

“Fadila, ɗiyata,” in ji shi, “koma ajinki tukuna.”

“Ga ajina nan, Malam.”

“Na sani. Koma mai gangaren, kahin mu ga abin da za a yi.”

Ta koma. Ta tarar da sababbin 'yan aji uku, ƙanana da su, wasu har da majina, sun cika bencin da ita da Ramla suka zauna bara. Malamin ajin ya yi murna da ganinta, nan take ya naɗa ta monita. Aka buɗe littafin bara a shafin farko na bara, aka rera waƙar lissafin da ta haddace tun bara. Duk tambayar da ya yi sai ya waiwayo ta da fara'a, ita kuwa ta ja bakinta ta tsuke har aka tashi. Ko ƙosan da ta saya ba ta iya ci ba.

Washegari Hauwa'u ta ajiye allura da zare, ta zumbula hijabi ta bi 'yarta makaranta. Ofishin hedimasta ma matakala gare shi, don haka Fadila ta tsaya a waje kusa da taga, tana jin komai.

“Ina kwana, Malam?”

“Lahiya lau, Maman Fadila. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya aiki, ya iyali?”

“Mun gode Allah. Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Maigidan ya dawo daga hanya?”

“Yana Kudu da mota, sai wata mai kamawa.”

Sai da gaisuwa ta ƙare tas, sannan Hauwa'u ta gyara zama.

“Malam, tambaya gare ni. Ɗiyar nan ta ci jarabawa ko ba ta ci ba?”

“Ta ci, ƙwarai kau.”

“To mi ya kada ta?”

“Ba a kada ta ba. Matakala ce matsalar.”

“Ashe matakala ma tana ba da maki. Ni ban yi boko ba, ban sani ba.”

Malam Sa'idu ya cire hula ya shafa kai. Hauwa'u ta ce abin ai mai sauƙi ne, a maido 'yan aji huɗu ɗakin gangare, 'yan aji uku su koma tsohon gini. Nan ya shiga jero mata dalilai. Bencinan sabon gini na ƙananan yara ne, an kuma ɗaure su da ƙasa, gwiwar 'yan aji huɗu ba ta shiga. An rubuta AJI UKU da fenti a bango, ga tambarin shirin a gefe, shi ba shi da ikon taɓawa. Ya kai magana ofis, sun ce sai zagaye na gaba na aikin. Da ta tambaye shi yaushe ne zagaye na gaba, sai ya ɗaga hannu sama. Ramla da wasu 'yan mata sun ce za su riƙa ɗaukarta, ya hana, don in ta suɓuce masu a matakalar nan shi za a kama. Malamai maza kuwa ba za su ɗauki budurwar yarinya ba, ita kuma Malama Rashida ta aji huɗu ciki gare ta ya tsufa.

“Shekara guda ce, Maman Fadila. A yi haƙuri. Maimaici ai ƙarin ganewa ne.” Sannan ya rage murya. “Kuma ki duba mani. Mutanen nan suna zuwa ganin aikinsu. In suka ishe gangare ba mai hawa, mi zan ce masu?”

Hauwa'u ta dube shi ta daɗe. “Au,” in ji ta. “Ni na ɗauka ɗiyata aka yi ma gangare. Ashe gangare aka samo ma ɗiya.”

Ta miƙe ta yi masa sallama yadda ya kamata, ta fito idonta jawur.

A gida ta ce ita za ta riƙa zuwa kullum da safe ta goya Fadila ta haye da ita, in an tashi ta dawo ta sauko da ita. Hulunan mutane su jira.

“Ni ba jinjira ba ce, Umma.”

“Ni na haife ki. Bayan nan shi ya goya ki.”

“In hitsari ya kama ni hwa? A aiko gida a kira ki? In an hita tara kowa ya watse, ni in zauna kamar tulu ina jiran a ɗauke ni?”

“To mi kike so in yi, Fadila?”

“Kar ki ce komi, ni zan san yadda zan yi.”

Abin da ta yi shi ne, da safe ta wuce gangaren ko kallonsa ba ta yi ba, ta zagaya gefen tsohon gini, ta ja birki a ƙarƙashin tagar aji huɗu. Tagar ta yi mata nisa sosai, allo ba ya ganuwa, sai dai murya. Ta buɗe littafi a cinya tana rubuta abin da kunnenta ya kamo. Malama Rashida ta gane tana nan, sai ta koma koyarwa da ƙarfi kamar mai talla, tana tsayawa jikin taga tana maimaita duk abin da ta rubuta a allo. Hausa da addini suna jiyuwa ta taga. Lissafi kuwa ba ya jiyuwa. In Malama ta ce, “Ku dubi nan, sai a ɗauko wannan a kawo shi nan,” Fadila ba ta san ina ne nan ba, sai ta cije leɓe ta bar wurin fili.

Haka ta yi ta yi. Rana ta gasa ta, ƙarfen keke ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Ranar da hadari ya taso ta lulluɓe littafinta da hijabi ta zauna ruwa ya ƙare a kanta. Malam Sa'idu ya zo ya lallashe ta, ya zo ya yi faɗa, ya zo ya ce zai aika wa babanta. Ta gaishe shi da ladabi kowane zuwa, ta kuma kafe kai da fata. Malamai suka rabu biyu, wasu na cewa taurin kai ne da rashin godiya, gwamnati ta ba ta keke ta yi mata titi, me kuma take nema. Masu wannan maganar dukansu da ƙafafunsu suke hawa aji.

Ana haka sai labari ya zo cewa mutanen shirin za su kawo ziyara ranar Laraba. Aka share fili, aka wanke gangaren da omo, aka hana yara sulu. Ranar Talata da za a tashi, Malam Sa'idu ya same ta a gindin taga, ya durƙusa har gwiwarsa na ƙara, don fuskarsu ta daidaita.

“Ɗiyata, alfarma nike roƙo. Gobe kaɗai. Ki shiga aji uku ki zauna, in sun tahi ki dawo tagarki, ba mai hana ki. Amma gobe ba za su gan ki nan cikin rana ba. In kin zo nan, sai in sa a tura keken.”

Ta ga tsoro a idonsa, har ya ba ta tausayi. Amma kalmar nan ta a tura keken ita ta tsaya mata a wuya. Keken nan ba wanda yake tura shi. Ta ce masa, “Na ji, Malam,” ba ta ƙara komai a kai ba, shi kuwa ya ɗauka amincewa ce.

Da safe Hauwa'u ta goge mata farin hijabi da shuɗin wando da dutsen guga. Baƙin suka iso da hantsi cikin farar mota, maza biyu da wata Hajiya mai tabarau, da mai ɗaukar hoto. Malam Sa'idu ya kai su gindin gangaren yana bayani, yana waige-waige. Fadila ta ɓullo daga wajen famfo tana murza keke a hankali. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Ta zo daidai gangaren, ta gaida baƙin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mata a gida, sannan ta karya kan keken ta miƙe fili.

“Fadila!” in ji Malam Sa'idu. “Nan ne, ɗiyata!”

Ba ta waiwayo ba. An hana ta taga, ɗakin bara kuwa ta gama da shi, saura hanya ɗaya, kuma tun jiya ta san sai ta karya rantsuwarta. Ta tsaya a gindin matakalar aji huɗu ta ja birki. Ta rataya jakarta a wuya ta mayar da ita baya. Ta ji kamar duk Katsina ce ta taru a filin nan tana kallonta. Ta kama ƙarfen keken da hannu biyu, ta zame, ta sauka ƙasa.

Ƙasar da damshi. Farin hijabin ya sha taɓo tun kafin ta motsa. Ta ɗora tafin hannu a matakalar farko, ta ja jiki, ta juyo ta kamo ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ta ɗora su. Hannun da ya saba da keke ya manta kaushin siminti, guntulallen bakin matakalar ya yanke ta nan da nan. Yara suka cika tagogi da ƙofofi. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, aka ji ƙarar ranƙwashi, ya yi tsit.

Hajiya mai tabarau ta taho da sauri tana salati, ta miƙo hannu za ta kama ta.

“Kar a taɓa ni,” in ji Fadila.

“Haba 'yan mata, bari a taimaka miki.”

“Hajiya, don Allah kar a taɓa ni. Ajina zan shiga.”

Hajiyar ta janye hannu ta tsaya sororo. Ɗaya daga cikin mazan ya juya yana tambayar Malam Sa'idu a hankali, me ya sa yarinyar ba ta ajin da aka yi wa gangare. Daga cikin aji Malama Rashida ce ta amsa, tana tsaye a bakin ƙofa dafe da ƙugu. “Ta ci jarabawa ne, ranka ya daɗe,” in ji ta. Mai hoto ya sauke kyamararsa ƙasa.

Fadila ba ta jin su sosai. Kunya take ji kamar ta nutse, irin kunyar ranar mai babur, hawaye na zubo mata tana jin haushin hawayen. Amma ba ta tsaya ba. Hannu, jiki, ƙafa, ƙafa. A tsakiyar matakalar wandon ya kama wani ƙarfe da ya leƙo daga simintin, ta fizge shi ya yage a gwiwa, ta ci gaba. Da ta kai sama ta zauna ta huta kaɗan, ta share fuska da gefen hijabi, ta bar shatin taɓo a kumatu. Malama Rashida ta matsa gefe ta ba ta hanya.

Ta ratsa tsakanin bencina a ƙasa, yara na janye ƙafafu. Ramla tana kuka wiwi, ta ture yarinyar da ke gefenta ta buɗe wuri. Fadila ta kama bakin benci, ta ɗaga jikinta da ƙarfin damtse ta zauna. Ta ɗaga kai. Ga allo nan baƙi ƙirin, ga lissafin rabawa an jera shi da alli, ga wurin da ake ɗauko lamba a sauko da ita. Ashe abin ma ba wuya.

A waje ana ta magana ƙasa-ƙasa. Aka ji Hajiyar tana cewa lallai za a duba, za a kai maganar sama. Aka ji ƙofofin mota sun rufe, motar ta tashi. Malama Rashida ta ɗauki alli, ta ci gaba daga inda ta tsaya, wannan karon da muryarta ta kullum.

Can sai inuwa ta tare ƙofa. Malam Sa'idu ne, hularsa a hannu, ya tsufa a cikin safiya ɗaya. Yara suka miƙe za su gaishe shi, ya yi musu alama su zauna. Ya tako har bencinta, ya dubi wandon da ya yage, ya dubi jinin da ya ɓata shafin littafinta. Ba faɗa a muryarsa, sai gajiya.

“To, kin yi, sun gani,” in ji shi. “Amma kin san aikin ofis, ko za a yi ba yau ba ne, ba kuma wannan zangon ba. Gobe hwa, Fadila? Baƙi ba su zuwa gobe.”

Ta goge tafin hannunta a wando, ta gyara riƙon fensir.

“Ni ina zuwa, Malam,” in ji ta.